Kifin da Ya Kasa Nutsewa

A da, idan aka ce kifi ya juya ciki sama a Jega, ba zancen kifi ake yi ba, zancen ruwa ne. Mutum zai taso daga Jega Magaji ko Firchin da sassafe ya gangara gulbi, ya hangi fararen cikkuna suna yawo a saman wani gurbi, tun bai kai bakin ruwan ba ya riga ya gama lissafi. In bazara ce, gulbi ya ja baya ya bar gurbin ya yi zafi ya yi kore, to numfashi ne ya ƙare wa kifin cikin dare. In kuwa ruwa garau yake, amma ga ƙanana ga manya duk sun taso tare suna layi, to hannun mutum ne. Wani ya zuba guba.

Gubar ma iri biyu ce, kuma tsofaffi suna iya bambanta su. Akwai magimfa, ganyen da ake dakawa a watsa a gurbi, wadda kan sa kifi ya galabaita ya taso a tsince shi da hannu. Daga baya gamalin ya shigo, maganin ƙwari da aka yi domin gonakin koko na kudu, ya zama abin kashe kifi a gulaben arewa. Shi ba ya barin komai, uwa da 'ya'ya da kwaɗo duk ɗaya ne a wurinsa. A 1992 gwamnatin tarayya ta kafa dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa wadda ta haramta amfani da guba da nakiya, a 2009 kuma aka sa sinadarin da ke cikin gamalin a jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta hana. Amma tun kafin waɗannan takardu akwai Sarkin Ruwa, wanda ke rufe gurbi ya buɗe shi a ranar su, kuma kowa ya san cewa kifi ciki sama ba tare da izininsa ba magana ce da za ta kai gaban hakimi.

Abin da babu a wancan zamani shi ne tambayar lafiyar kifi guda ɗaya. Kifi da kwando ake ƙirga shi, ko da daro, ko da buhun banda. Jega gari ne na kasuwa tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi wajen 1820, kuma har yau bandar Yawuri ta nan take bi zuwa Sakkwato. Ko a Argungu, inda tun 1934 ake taruwa a Matan Fada domin kifi guda, ba a ɗaga shi sama sai a kan sikeli: kilo 75 a 2005, kilo 78 a 2020. Giwan ruwa ne ke mutuwa, mutum ne ke karɓar kyauta. Da wani zai tsaya a bakin Gulbin Gindi ya ce, “Kifina ba shi da lafiya,” da an tambaye shi ko shi ne ba shi da ita.

Sauyin ya zo a hankali, kuma ta ƙofar neman kuɗi ya fara shigowa. Daga shekarun 2000 kiwon tarwaɗa ya bazu a Najeriya, ya iso mana da kwamin siminti, daga baya na tamfol, wanda ma'aikaci ko ɗalibi zai kafa a bayan ɗaki ya ja masa ruwan burtsatse. A nan ne mutanenmu suka fara kwana da kifi a gida ɗaya, suka fara sanin cewa yana da ranar da ba ya cin abinci. Sai kuma akwatin gilashi ya biyo baya, wanda ba don ci ba ne, ba don sayarwa ba, don kallo kawai. Ba su da yawa a Jega ko Aliero ko Maiyama, amma suna nan: a falon wanda ya yi aiki a Abuja ko Legas ya dawo, a otel, a wani ofis. Kifin da ke ciki yana da suna. Yara sun san halinsa. Ranar da ya karkace, gidan kan shiga wani hali da kakanninmu ba su da labarinsa.

Ɗan yayana yana cikin waɗanda suka dawo da irin wannan akwati. Kifinsa oska ne, ɗan asalin kogin Amazon na Kudancin Amurka, baƙi mai zanen ja, ya girma har ya kusa taƙi ɗaya da rabi. Yakan taso in ya ga mai shi, ya karɓi abinci daga yatsa. Wata safiya cikin hunturu aka wayi gari yana manne da saman ruwa a karkace, rabin bayansa a waje. Sai ya yunƙura da ƙarfi ya nufi ƙasa, da zarar ya daina kaɗa jela sai ya dawo sama, wutsiya a gaba. Jiya-jiyan nan lafiya lau yake, in ji kowa.

Kafin azahar an kawo shawara iri-iri. Wani ya ce a fasa kafso ja-da-rawaya a ruwan. Wani ya ce gishiri. Wata ta ce baki ne, don baƙi sun cika yaba shi. Sai ga kawunmu, wanda ya yi su tun yana saurayi har gwiwa ta hana shi, ya shigo gaisuwa. Tsakaninsa da yaron akwai wasan kaka da jika, don haka ba a ɓoye wa juna magana.

“Baba Tsoho, ka ga abin da ya same ni.”

“Kai ya sama ko shi? Abokina, mi kaka ba kihin ga?”

Aka lissafa masa: abincin gwangwani safe da rana da dare, da ɗan tsire in an samu, da gutsuren burodin da yara ke jefa masa in babu babba a falo. Tsohon bai kalli kifin sosai ba. Yatsa ya tsoma a ruwan, ya shinshina, ya tambayi yaushe rabon injin da ke gefe da yin ƙara. Aka ce kwana biyu ke nan babu wuta, jiya da dare kuma da aka ga ruwan ya yi duhu sai aka kwashe shi duka aka cika da na tankin sama.

“To kihinka lahiya tai lau. Gulbinka ne ba shi da lahiya, kuma kai ne gulbin.”

Na daɗe ina tuna wannan magana, domin abin da likitocin kifi ke faɗa ke nan, sai dai su da na'ura suke isa gare shi.

Naman kifi da ƙashinsa sun fi ruwa nauyi. Da haka aka bar shi, da ya daina iyo sai ya nutse. Abin da ke riƙe shi wata jaka ce ta iska da ke kwance a cikin cikinsa, ƙarƙashin ƙashin baya, a saman hanji. Duk macen da ta taɓa gyaran karfasa ta san ta, farar aba mai sheƙi da ake fasawa ko a jefa wa kyanwa. A kifin ruwan daɗi takan kai kusan kashi 7 cikin 100 na girman jikinsa, a na teku kuwa kusan kashi 5, domin ruwan gishiri ya fi ɗaukar kaya. Aikinta irin na gorar masunci ne a Matan Fada: da ita yake kwanciya a kan ruwa ba tare da wahala ba, hannuwansa su samu sukunin riƙe homa. Bambancin kawai, gorar kifi a ciki take, kuma ba ta da tauri. Tana matsewa tana kumbura. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne ta ya ninka na saman ruwa sau biyu, sai ta koma rabin girmanta. Saboda haka kullum kifi cikin gyara yake, ya ƙara iska in ya sauka, ya rage in ya hau.

Yadda yake gyaran ne ya raba kifaye gida biyu. Wasu suna da siririyar hanya daga jakar zuwa maƙogwaro. Su in suna son ƙari sai su taso su haɗiyi iska, in ta yi yawa su yi gyatsa. Jan kifin ado na Sin, wanda aka fi gani a akwatunan gilashi, a wannan gida yake. Wasu kuwa jakarsu a rufe take ruf, sai ta jini iska ke shiga ta fita, ta wasu ƙananan jijiyoyi masu ɗimbin yawa da ke tatso ta kaɗan-kaɗan. Karfasa da giwan ruwa da oska duk haka suke. Wannan hanya tana da kyau amma ba ta da sauri, sai an ɗauki sa'o'i. Shi ya sa giwan ruwan da aka fizgo daga zurfi da gaggawa kan iso sama tumbinsa ya leƙo ta baki: jakar ce ta kumbura ta turo shi.

Kifayen ruwanmu kuwa kowanne da nasa tsarin, kuma a nan ne ilimin tsofaffin masunta ya fi na mai akwati nesa ba kusa ba. Bargi da yauni da jakar tasu suke shaƙar iska, don haka in ka ga sun taso sun buɗe baki sun koma, al'adarsu ce. Gaiwa huhu gare ta sosai, shi ya sa take iya shiga laka ta yi watanni tana jiran damina. Tarwaɗa jakarta ƙarama ce, a cikin ƙashi take a ɓoye, ita da ma 'yar ƙasa ce, kuma tana da wata gaɓa a saman matsatsarta da ke ba ta damar shaƙar iskar waje. In ka ga tarwaɗa a kwami sun rataye a tsaye, kai sama jela ƙasa, ba jakar iska ba ce ta lalace, yawanci ruwan ne ya ɓaci. Akwai kuma wani irin ƙurungu da ke iyo ciki sama da gangan, yana kiwo a ƙarƙashin fuskar ruwa, har cikinsa ya fi bayansa duhu, saɓanin sauran kifaye. Masu zane na tsohuwar Masar sun zana shi a haka a bangon kaburbura dubban shekaru da suka wuce. Wanda bai san shi ba zai yi masa jinya alhali lafiyarsa ƙalau.

Wani abin ban dariya, da yawa daga cikin waɗannan kifaye da muke jefawa a tukunya, su ne ake kwasa ta Legas a kai Turai da Amurka da Asiya, a sa su a akwatin gilashi a yi ta kallo. Bargi yana can, yauni yana can, ƙurungu yana can. Yauni ne ma ya sa Hans Lissmann na Jami'ar Cambridge ya gano a 1951 cewa akwai kifin da ke fitar da 'yar wutar lantarki a kewayen jikinsa, wadda daga baya aka tabbatar da ita yake lalube cikin duhun ruwa. Mu kuma muna sayo na Amazon da na Sin.

To me ke karkatar da babban kifi a akwati dare ɗaya? Sau da yawa jakar kanta lafiyarta lau, maƙwabtanta ne suka matse ta. Cikin kifi wuri ne ƙarami. Busasshen abinci in ya sha ruwa a hanji yakan kumbura, in an cika bayarwa hanji ya toshe, iska ta taru a cikinsa, sai kifi ya taso ya kasa komawa. Kitsen naman dabba, irin na tsire, kifi ba ya narkar da shi yadda ya kamata, a hanta yake taruwa ta yi girma. Mace mai ƙwai da ba ta zubar ba, ko ƙari, ko ƙoda mai ruwa, duk suna iya ture jakar gefe. Akwai kuma lokacin da ƙwayar cuta ke shiga jakar ta cika da ruwa, a nan kifi ƙasa yake kwanciya ya kasa tasowa. Jan kifin ado mai dunƙulallen jiki shi tun daga haihuwa yake da matsala, domin masu kiwo sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaɓen gajere mai tumbi saboda kyau, har kayan cikinsa suka rasa wurin zama. Ban ga kyau a halittar da aka gyara har ta kasa tsayuwa daidai ba, amma wannan ra'ayina ne.

Sai dai a ƙasarmu akwai abubuwa da ke haɗuwa su sa “dare ɗaya” ya zama gaskiya. Kifi ba ya ɗumama jikinsa, zafin ruwa shi ne zafinsa. Oska yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28. Ruwan da ya kwana a tankin sama cikin Disamba ko Janairu yakan yi sanyi ƙwarai, in aka juye shi gaba ɗaya a kan kifin da cikinsa ke cike, narkewar abinci sai ta tsaya cik. A bazara kuma matsalar ta juya, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa: a digiri 20 lita ɗaya kan riƙe kusan miligiram 9, a digiri 35 kusan 7. Ruwan burtsatse da aka jawo yanzu-yanzu da ma iskarsa kaɗan ce sai ya sha iska. Sannan ga wuta. Injin nan da ke gefen akwati ba datti kawai yake tacewa ba. A cikin soson da ke cikinsa wasu ƙwayoyin halitta ne ke zaune suna sarrafa amoniyar da kifi ke fitarwa ta matsatsa, su mai da ita abin da ba ya kisa da wuri. Su ma iska suke buƙata. In ruwa ya daina ratsa su na tsawon lokaci sai su mutu, kifi kuma ya ci gaba da zama a cikin fitsarinsa. Babban kifi ya fi ƙarami fitar da ƙazanta, shi ya sa akwatin da ya wadatar da shi bara ya zama kurkuku bana.

Gulbi yana yin duk waɗannan ayyuka kyauta, ba wanda ya lura. Yana gudu, yana wanke kansa, sanyinsa a hankali yake sauka, kifi kuma yana da zurfi da inuwa da zai koma in wuri ya yi masa zafi. Ba kullum yake samun abinci ba, kuma yunwar kwana biyu ba ta kashe shi. Mai akwati ya karɓi wannan aiki duka ya ɗora wa kansa, galibi bai san ya karɓa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne inda hankalinmu ke fara zuwa. Mun zama mutanen kafso. Kaza ta yi sanyi, kafso. Akuya ta yi zawo, kafso. Yanzu kifi ma. Maganin kashe ƙwayar cuta ba ya buɗe toshewar hanji, ba ya ɗumama ruwa, kuma in aka zuba shi a akwati yana iya kashe ƙwayoyin nan masu amfani da ke cikin soso, a ƙara wa Barno dawaki. Har akwai mai cewa a huda kifin da allura a sace iskar, don ya gani a waya. Likitocin dabbobi kan yi haka, amma sai sun ɗauki hoton ciki sun ga inda jakar take, kuma sun sa wa kifin maganin barci. Mu nan mun saba da hannu mai gyara nan take, masu ɗorin Aliero sun shahara har ƙetaren iyaka, amma su ma gadon sanin ƙashi gare su, ba da ka suke kamawa ba. In abu ya kai ga allura, Sakkwato ba ta da nisa, kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar likitan dabbobi.

Abin da aka yi wa oskan ɗan yayana ba shi da tsada. Aka hana shi abinci kwana uku, aka kafa wa yara doka. Aka rage ruwan ya yi ƙasa don kada ya wahala wajen iyo, aka rage hasken fitila, aka lura kada bayansa ya bushe. Kullum ana ɗebe kamar rubu'in ruwan a mayar da wanda ya wuni a ɗaki a cikin bokiti har ɗuminsa ya yi daidai da na akwatin. Aka jona injin da batirin sola na gidan. Da aka koma ba shi abinci, kaɗan ne, sau ɗaya a rana, an jiƙa shi tukuna. Masu kiwon jan kifin ado kan ba da dafaffen koren wake da aka ɓare wa fata don ya saki ciki, amma oska maci nama ne, ba lallai ya kula shi ba. Ya yi kashi, ya sauka. Sai dai bai koma daidai sarai ba. Har yanzu in ya tsaya yakan ɗan jirkice hagu.

Wannan jirkicewar ce ta sa yaron ya fara tunanin rabuwa da shi, ya ce zai kai shi gulbi ya sake shi ya huta. Niyya ce mai kyau, kuma ita ce shawara mafi hatsari da aka kawo tun farkon lamarin. Kifin da ya yi jinya yana iya ɗauke da cutar da na gulbi ba su san ta ba, baƙon kifi kuma in ya samu wuri ba a iya kiransa ya dawo. Shaida tana wurin giwan ruwanmu. A shekarun 1950 aka zuba shi a Tafkin Victoria da ke tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, inda da ma babu shi. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma ana ɗora masa babban alhakin ɓacewar nau'o'in ƙananan kifaye kusan 200, dangin karfasa, waɗanda babu su a ko'ina a duniya sai can. Yau a bakin tafkin abin da ya fi tsada a jikinsa ba naman ba ne, jakar iskar ce. Ana busar da ita a kai Hong Kong da Sin, inda ake miya da ita, kuma kilo ɗaya nata ya ninka kilon nama sau da yawa.

Da aka ba kawu wannan labari, ɓangaren jakar ne ya tsaya masa a rai. Ya yi shiru yana lissafin yawan waɗanda ya jefar a bakin gulbi a tsawon rayuwarsa, sannan ya ce a bar zancen. Game da oska kuwa hukuncinsa gajere ne: ko a ci gaba da yi masa hidima, ko a ba wanda zai iya, ko a kawo a soya, amma gulbi ba juji ba ne. Yaron ya ce ba zai iya cin abin da ya san sunansa ba. Ya sayar da tsohon akwatin ga wani malami a Aliero, ya aika Kano aka yanko masa gilashin wanda ya ninka shi girma.